Keken haya a garin da ba naka ba

(Kiɗan buɗe shiri)

   Shirin namu na yau na matafiya ne, da masu shirin tafiya, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a ƙasashen waje.

Duk wanda ya taɓa sauka a Paris ko Landan ko Dubai ko Guangzhou, ya ga wani abu da kan ɗaure wa baƙo kai a ranar farko. Kekuna ne jere reras a bakin titi, launinsu ɗaya, ƙirarsu ɗaya, ba mai gadi, ba mai shago. Sai ka ga mutum ya fito daga tashar jirgin ƙasa da jakarsa, ya ɗan latsa waya, ya zare ɗaya ya hau, ya yi gaba abinsa. In ya isa inda za shi ya ajiye, wani kuma ya zo ya ɗauka. Mutanenmu da ke zuwa sarin kaya, ko taro, ko ganin likita, ko yawon buɗe ido, sun kasu biyu a kan wannan lamari. Wasu sukan wuce suna kallo, su ce wannan ba namu ba ne, su ci gaba da zuba wa masu tasi kuɗi a tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Wasu kuma ɗoki ya kwashe su, su hau ba tambaya, sai sun dawo gida su tarar an cire musu kuɗin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da dukansu biyun muke magana yau.

Mu dai hayar keke ba baƙuwarmu ba ce. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san mai hayar keke na unguwa, da 'yan kekunansa a jingine jikin katanga, da famfonsa na iska a gefe. Ya san ka, ya san gidanku. In ka makara ka ba shi haƙuri, in taya ta yi faci ku daidaita, in abin ya yi tsamari a kira babanka. To can inda muke magana, na'ura ce ke ba ka keken, kuma na'ura ba ta jin “don Allah”. Abu biyu kawai ta sani: mintin da ka zare keken, da mintin da ya koma ya kulle. Duk abin da za mu faɗa yau daga nan ya taso.

Kuma ba haka kawai suka tsaurara ba, wuya suka sha. A 1965 wasu matasa 'yan gwagwarmaya a Amsterdam, da ake kira Provo, suka shafa wa kekuna farin fenti suka bar su a titi ba makulli, wai kowa ya hau kyauta ya ajiye wa na baya. Ba a je ko'ina ba abin ya watse, 'yan sanda ma suka kwashe su. A 1995 birnin Copenhagen na Denmark ya gwada wata dabara: ka jefa kwabo guda a jikin keken ya buɗe, in ka dawo da shi kwabonka ya faɗo. Nan ma sata ba ta tsaya ba, don wanda ya jefa kwabo ba wanda ya san sunansa. Daga nan ne aka koma ga kati. Garin Rennes na Faransa ya fara a 1998, Lyon ta biyo a 2005, sannan Paris ta buɗe nata mai suna Vélib' a watan Yulin 2007, zamanin magajin gari Bertrand Delanoë. Landan ta shigo a 2010, New York a 2013. A nahiyarmu ma Marrakech ta Maroko ta fara a 2016, Alƙahira a 2022. Abin da duk suka koya shi ne a ɗaure keke da sunan mutum da katinsa na banki. Saboda haka da zarar ka zare shi, malam, amana ce a wuyanka, kuma an san inda za a kama ka.

Kekunan iri biyu ne. Akwai masu tasha, inda kowane keke yake maƙale a jikin wani ɗan ƙarfe, bari mu kira shi turke. Irin su ne na Paris da Landan da New York da Dubai. Akwai kuma marasa tasha, waɗanda makullinsu ke jikinsu, ka haska lambar QR da kyamarar wayarka ya buɗe. Kamfanoni irin su Lime da Dott haka suke yi, haka ma kusan duk na ƙasar Sin.

To, shiri daga gida yake farawa, tun kafin ka nufi filin jirgi. Ka bincika sunan tsarin da ke birnin da za ka, ka sauke manhajarsa tun kana da intanet mai kyau a ɗakinka, ka yi rajista. Dalili kuwa, yawancinsu sukan turo lambar tabbatarwa ta saƙon waya, kuma in ka sauka can layinka na gida ba ya karɓar saƙo, ka tsaya ke nan a bakin titi kana kallon keke yana kallonka. Ka kuma tanadi data, ko ta layin can ko ta naka, domin ba buɗewa kaɗai ke buƙatar intanet ba, rufewa ma tana buƙata. Haka cajin waya. Wayar da ta mutu kana tsakiyar tafiya a kan keken da ba shi da tasha, matsala ce babba, don mintoci suna ta tafiya ba ka da abin da za ka tsayar da su.

Sai maganar kati, wadda ita ce ta fi cizon mutanenmu. Ba a karɓar tsabar kuɗi. Katin banki ake so, mai aiki a ƙasar waje, kuma kun san bankunanmu kan sa iyaka ga abin da katin naira zai iya kashewa a waje, iyakar kuma takan canza. Ka je bankinka ka tambaya kafin tafiya. Ba kuɗin hayar ne abin dubawa ba, kuɗin jingina ne. A Paris, alal misali, jinginar Vélib' ta kai Yuro 300. Ba wai sun cinye ba ne, amma bankinka na iya riƙe kuɗin na wasu kwanaki, su zama ba ka da ikon taɓawa. Yanzu ka ɗauka wannan katin ne za ka biya masauki da shi gobe, ko kuɗin awon kayanka. Ka ga hawan keke na rabin awa ya jefa ka cikin jin kunya a gaban mai otal. In ku uku ne a kan kati ɗaya, to ka tambaya ko jinginar za ta ninka.

Ka kuma sani ba kowane keken da ka gani a titi ne aka yi domin baƙo ba. Jajayen kekunan Barcelona da ake kira Bicing na mazauna garin ne, rajistar shekara ake yi. A Holan, kekunan OV-fiets da ke tashoshin jirgin ƙasa an tsara su ne ga masu katin sufuri na ƙasar mai ɗauke da sunansu. A irin waɗannan garuruwa, shagon hayar keke ya fi maka, wanda za ka ga mutum ido da ido, ya ba ka keke da sarƙa na wuni guda. Kuma kada wani ɗan gari ya ce maka “ga katina hau da shi”, don in wani abu ya faru, kun shiga rigima ku biyu.

Alhazanmu masu zuwa Guangzhou da Yiwu, ku matso kusa da rediyo. Can kekunan sun fi na ko'ina araha, kuma da launi ake gane su: ruwan ɗorawa na Meituan, shuɗi na Hello, mai kore-kore na Didi. Ta cikin Alipay ko WeChat ake buɗe su, wato sai ka haɗa katinka da ɗaya daga cikinsu, an kuma tantance fasfonka. Amma akwai labarin da ya kamata ku riƙe. Wajen 2017 kamfanonin keke sun yi ta gasa a Sin, suna zuba kekuna a tituna har suka toshe hanyoyin mutane, hukumomi suka riƙa kwashe su suna tarawa tsibi-tsibi a filaye. Ɗaya daga cikin manyansu, Ofo, ya durƙushe a ƙarshen 2018, mutane sama da miliyan 10 suka shiga layin neman a mayar musu da kuɗin jinginarsu. Don haka ni shawarata, kada ka loda kuɗi da yawa a cikin manhajar keke, ko wane gari ne. Ka sa na abin da za ka hau. Kai da za ka yi mako biyu ka tafi, wa zai bi maka saura?

(Gajeren kiɗa)

Madalla. Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan hawan keken haya a ƙasar waje. Mun gama shiri, yanzu ga mu tsaye a gaban kekunan.

Kada ka zari na farko da hannunka ya kai. Ka matsa taya da yatsa ka ji ko da iska. Ka damƙe birki na hagu da na dama, ka ɗan tura ka ga ko suna kamawa. Ka juya feda baya ka ga kaca ba ta zube ba. Ka duba sirdi yana hawa yana sauka, kuma in ka ɗaure shi yana tsayawa. A Paris akwai wata al'ada mai kyau da masu hawa suka ƙirƙiro da kansu: wanda ya tarar keke ya lalace, sai ya juya sirdinsa ya kalli baya, don na bayansa ya gane. In ka ga sirdi a juye, wuce shi. A Landan kuwa akwai maɓalli a jikin turken da ake dannawa a sanar da lalacewa. Idan mai lambar QR ne, ka shafa da yatsa ka ji ko an liƙa wata takarda a kan ta asali, domin 'yan damfara kan yi haka su kai ka wani shafi na bogi su kwashe bayanan katinka. Ka haska lambar daga cikin manhajar kamfanin kawai.

Yadda ake buɗewa ya bambanta. A Landan, in ka biya, za a ba ka lamba biyar, dukansu daga 1 da 2 da 3, ka danna su a jikin turken, fitila ta yi kore, ka ɗan ɗaga bayan keken ka ja da ƙarfi. Lambar ba ta daɗewa, minti 10 ne ta mutu. A Paris kuwa akwai ɗan allo a kan keken, nan kake shigar da lambobinka. Korayen na ƙafa ne, shuɗayen masu lantarki. Kekunan nan suna da nauyi, sun haura kilo 20, an yi su ne don su jure wahala, ba don tsere ba. Ka daidaita sirdi yadda ƙafarka za ta taɓa ƙasa in ka tsaya.

Ga kuma wata magana da takardun kamfanonin ba za su gaya maka ba, don ba da mu suka yi lissafi ba: sutura. Alhaji, babbar riga da keke ba sa shiri. Hannun riga zai kama iska, gefenta ya shige cikin taya. Ko kaftani ne mai tsawo, ka tattare shi, ka naɗe ƙafar wando ta dama, ɓangaren da kaca take. Hajiya, ke ma ba a bar ki a baya ba, mata masu lulluɓi suna hawa a biranen nan ba wanda ya kalle su. Yawancin kekunan ba su da sandar tsakiya, hawansu ba wuya. Amma dogon hijabi mai jan ƙasa, ko abaya mai faɗi, ko bakin gyale da ke lilo ta baya, in waya ta taya ta kama shi, ta wuya zai ja ki. Ki sa wando a ciki, ki zaɓi hijabi madaidaici, ki soke bakin gyalen. Silifas kuma a bar shi a masauki. Jakar da ke da fasfo da kuɗi a rataye ta a jiki, kada a jefa ta a kwandon gaba inda mai babur zai wafce.

Yanzu ga inda kuɗi ke zubewa. Ka sayi tikitin wuni guda, ka ɗauka keken ya zama naka har dare. A'a. A mafi yawan birane, ma'anar tikitin ita ce kana iya hawa sau da yawa a cikin awa 24, amma kowane hawa kada ya wuce wani ƙayyadadden lokaci, galibi minti 30, wani wurin 45 ko awa guda. Da ka zarce, sai a fara ƙirga maka ƙari. Mutum ya ɗauki keke da hantsi, ya jingine shi a ƙofar gidan abinci, ya ci ya sha, ya shiga kantuna, ya je masallaci ya yi azahar, duk wannan lokaci na'ura tana lissafi. Wanda ya san gari ba ya haka. Yakan hau, ya mayar a tasha mafi kusa da inda za shi, ya gama harkarsa, ya zari wani. An yi tsarin ne don keken ya riƙa yawo hannu zuwa hannu. Masu lantarki kuma sun fi tsada, marasa tasha sau da yawa da minti-minti suke caji bayan kuɗin buɗewa, har wani lokaci in ka yi lissafi jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi sauƙi. Ka karanta farashin ranar a cikin manhajar, don yana canzawa.

Mayarwa ita ce gaba ɗayan aikin, kuma nan nake roƙon ku ba ni kunnuwanku. Ka tura keken cikin turke da ƙarfi. Ka tsaya. Ka jira fitila ta yi kore, ko allon ya nuna an rufe, ko ka ji ƙarar kullewa. Sannan ka kama sirdi ka ja baya. In ya biyo ka, bai kulle ba, sake turawa ko ka canza turke. In ya ƙi fitowa, ka buɗe wayarka ka ga saƙon da ke cewa tafiyarka ta ƙare, ka kuma ɗauki hoton keken a inda yake, da lambarsa. Duk wannan bai fi minti ɗaya ba. Wanda ya tura ya juya ya tafi, yana iya barin keken a buɗe da sunansa, wani ya zo ya zare ya yi gaba, kuma a wurin kamfani kai ne ka ɓatar. A New York kuɗin keken da ya ɓata Dala 1,200 ne. Ku mayar da shi naira ko sefa ku ji.

Wani abin da kan rikita baƙo: ka iso tasha ka tarar ta cika maƙil, ba turken da ba kowa. Wannan yakan faru da safe a unguwannin ofisoshi, da yamma a bakin tashoshin jirgi. A Paris har tudu yana da hannu a ciki: mutane na son gangarowa daga Montmartre a kan keke, amma ba mai son hawa, sai ka ga tashoshin sama wayam, na ƙasa kuwa ba masaka tsinke. Manhajar tana nuna yawan gurbin da ya rage a kowace tasha, ka duba tun kafin ka isa. A Landan, in ka tarar tasha a cike, kana iya zuwa jikin na'urar biyan kuɗi ka nemi ƙarin minti 15 kyauta don ka nemi wata. Saboda haka ranar da za ka kama jirgi ko kana da ganawa da likita, kada ka dogara da keke a ƙurarren lokaci. Marasa tasha ma ba ko'ina ake yar da su ba. Taswirar manhajar tana nuna inda aka yarda a ajiye, wani wurin har da zanen fenti a ƙasa. Ka ajiye a wajen iyaka, ko ka tare hanyar makafi da masu keken guragu, tara ce za ta biyo ka.

(Gajeren kiɗa)

To, mun yi maganar aljihu, saura ta rai, wadda ta fi.

Da farko hannun tuƙi. Najeriya ta koma tuƙin dama tun 1972, Ghana a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi ma dama suke bi. Faransa da Jamus da Amurka da Sin da Dubai duk haka ne. Amma Birtaniya da Japan da Indiya da Malesiya da Afirka ta Kudu hagu suke bi. A miƙaƙƙen titi ba za ka manta ba, don kana bin na gabanka. A kwana ne da shatale-tale jiki kan koma abin da ya saba, ka leƙa ɓangaren da mota ba ta nan, ka bar inda take tahowa. A Birtaniya har birki a juye yake: hannun dama ne ke kama tayar gaba. Ka gwada tun kana tsaye, don wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi a guje, ta kan keken zai wuntsila.

Sannan a can keke abin hawa ne a idon doka. Danja ta tsayar da mota, ta tsayar da kai. Hanyar masu tafiya a ƙasa ba taka ba ce, in ka ga dole sai ka bi ta nan, sauka ka tura. A Faransa, sa abin sauraro a kunne kana tuƙa keke laifi ne tun 2015, tararsa Yuro 135. A Holan an hana riƙe waya a hannu a kan keke tun Yulin 2019. Japan ma ta tsananta hukunci a kan haka a Nuwamban 2024. Masu son ɗaukar bidiyo suna tuƙi don a gani a gida, ku tsaya gefe ku ɗauka, hoton ma zai fi kyau. In taswira kake bi, ka haddace kwana biyu ko uku, ka tsaya ka sake dubawa. Goyo kuma babu shi. Keken na mutum ɗaya ne, ba a ɗora yaro a kwando ko a baya. Akwai kuma iyakar shekaru: 14 a Paris, 16 a New York.

Hular kwano, dokarta ta danganta da ƙasa. A Ostareliya da New Zealand dole ce ga kowa, a Dubai ma haka. A Faransa dole ce ga yara 'yan ƙasa da shekara 12. Kekunan tasha galibi ba sa zuwa da hula, kai za ka nemo. Za ka ga 'yan Amsterdam suna ta sheƙa gudu kai ba komai, amma su tun suna yara suke kan hanyoyin nan. Ni dai a ganina baƙon da zai yi kwanaki yana hawa, ya sayi hula ko da doka ba ta tilasta ba.

Haɗurran da suka fi kama mai keke a manyan birane sanannu ne. Babban cikinsu shi ne babbar mota ko bas da za ta sha kwana. Direban yana sama, akwai wuraren da madubinsa ba ya nuna masa, kai kuma ka lallaɓo ta gefensa ka tsaya tsakaninsa da bakin titi. Da ya karya kan mota, jikinta zai matse ka. Abin ya kai Faransa ta wajabta wa manyan motoci liƙa alamar gargaɗi a jikinsu tun Janairun 2021. Ka tsaya bayanta, ka bar ta ta wuce, ba abin da zai ragu a jikinka. Sai ƙofar motar da ke ajiye, wadda mai ita kan buɗe ba zato. Ka bar tazarar kamu biyu tsakaninka da jerin motocin da aka faka. A garuruwa masu jirgin cikin gari da ke bin tsakiyar titi, irin Amsterdam, layin dogon yana da rami daidai faɗin taya. In za ka tsallaka, ka gicciye shi sosai, kada ka bi shi a tsaye, musamman in an yi ruwa. Kuma hanyar keke ita ma tana da nata cunkoso: kada ka ja birki kwatsam a tsakiya don ka ga gini mai kyau, akwai mutum goma a bayanka da ke sauri zuwa aiki. Ka miƙa hannu ka nuna inda za ka juya, ka koma gefe, sannan ka tsaya.

Mai lantarki yana da daɗi, amma yana fizga da zarar ka taka feda. A Tarayyar Turai injin yana daina taimaka maka in ka kai kilomita 25 a awa, wanda a cikin jama'a gudu ne sosai. Wanda rabonsa da keke tun yana makarantar firamare, kada ya fara da shi. Ya nemi na ƙafa, ya shiga wurin da babu mota, ya yi zagaye har hannunsa ya faɗa. Hyde Park a Landan yana da hanyoyin da aka ware wa keke. A Paris akwai gaɓar kogin Seine da aka hana motoci bi, da titin Rivoli da tun 2020 aka ba masu keke kaso mafi girma. Ka fito da sassafe ranar Lahadi ka bi nan, za ka ga garin da wanda ke cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba zai taɓa gani ba, kuma a kuɗin da bai kai na shayi da burodi a garin ba. Wannan ne ya sa na ce kada tsoro ya hana ku.

Amma akwai lokacin da ni zan ce a haƙura. Ranar da ka sauka daga jirgi ba ka yi barci ba. Ranar da ƙanƙara ta kwanta a titi. Tsakar rana a Dubai lokacin bazara, da zafi ke haura digiri 40, balle kana azumi. Wanda ya je ganin likita kuma, ya tambayi likitan tukuna. Batun inshora ma a duba: wanda ya nemi bizar Schengen ya san sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, to ka karanta takardar ka ga ko ta haɗa da haɗarin keke, da kuma ɓarnar da kai ka yi wa wani, don ba lalle kamfanin keken ya ɗauke maka wannan ba. In tsautsayi ya gitta, kada ka gudu. Ka tsaya, ka ɗauki hotuna, ka sanar da kamfanin ta manhaja. Lambar agajin gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Birtaniya 999, a Amurka 911.

Iyaye masu 'ya'ya a waje, in kun yi waya da su a daren nan, ku tambaye su ko suna da hular kwano, ku kuma ce kada su ara wa kowa asusunsu na keke, ko abokin ɗaki ne. Kai kuma mai shirin tafiya, kafin ka bar garin da ka je, ka shiga manhajar ka tabbatar babu tafiyar da ta rage a buɗe, ka soke duk wata rajista mai sabunta kanta wata-wata, ka cire katinka daga ciki, sannan ka nufi filin jirgi.

Nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su lafiya.  

(Kiɗan rufe shiri)